Kafin ka ɗauro katifarka zuwa Abuja

Kusan duk sati sai wani ya kira ni daga gida, ko dai ya samu aiki an turo shi Abuja, ko bautar ƙasa ce ta jefo shi, ko kuma kawai ya gaji da zaman majalisa ya ce bari ya zo ya gwada sa'arsa, kuma tambayar guda ɗaya ce kullum: "Yaya dan Allah a ina zan samu ɗaki mai sauƙi?" Toh ni dai na gaji da maimaita zance a waya har kati ya ƙare, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, duk wanda ya tambaya in tura masa. Abin da zan fara gaya maka, tambayar ma ka fara ta daga wutsiya. A garin nan abin da ake fara tambaya shi ne ina zan riƙa zuwa kullum da safe, sannan a nemi wurin kwana, don wallahi na ga mutanen da suka samu ɗaki mai araha suna murna, wata uku ba a yi ba kuɗin mota ya cinye albashin tas.

Na farko, zo da jaka ɗaya tukuna

Kar ka sayar da komai, kar ka saki ɗakinka na gida, kar ka taso da iyali. Zo kai kaɗai ka yi sati biyu ko uku wurin ɗan'uwa ko abokin karatu. Kuma ka kira shi tun kana gida, ba sai ka iso Zuba da magariba ka buga waya ka ce "ga ni na shigo" ba, da yawa daga cikin waɗanda kake ganin hotunansu a Facebook a gaban dogayen gine-gine su uku suke kwana a ɗaki ɗaya, kunya ce kawai ba za ta bari su ce maka babu wuri ba. Faɗa masa ranar zuwa da ranar tafiya, riƙo 'yar tsaraba, in ka zo ka riƙa sa hannu a kuɗin gas da na ruwa ba sai an tambaye ka ba. Baƙo raɓa ne, in ya wuce haka sai a fara yi masa kallon kaya.

In daga Kano za ka taso, akwai motoci a Unguwa Uku da Na'ibawa, hanyar kuma ta Zariya ce, Kaduna, Kateri, Jere, Tafa, sai Zuba, tafiyar sama da kilomita 400. Taso da asuba. An daɗe ana aikin titin nan, wani wurin a haɗe ku hannu ɗaya da manyan motoci, kuma ba hanya ce da ake son dare ya riski mutum a kanta ba. Shiga mota a cikin tasha inda ake rubuta suna da lambar ɗan'uwa, ka bar na bakin hanya ko da sun fi sauƙi. Kafin ka biya ka tambayi direba a ina zai sauke, don "Abuja" a bakin direba tana iya zama Zuba, tana iya zama Jabi ko Utako, tana iya zama Mararraba, kuma tsakaninsu tafiya ce mai cin kuɗi. 'Yan Jos da Bauchi da Gombe yawanci ta Keffi suke shigowa, su Mararraba da Nyanya za su fara gani.

Akwai kuma jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna, wanda aka buɗe a 2016. Tun bayan harin 28 ga Maris 2022 da aka dakatar da shi aka dawo a Disamba, sai da lambar NIN ake sayen tikiti, kuma gara ka saya ta intanet tun da wuri, musamman na Juma'a da Lahadi da safiyar Litinin. Yana tsayawa a Kubwa kafin ya ƙarasa Idu. In mai masaukinka yana Kubwa ko Dutsen Alhaji ko Gwarinpa sauka a Kubwa kawai, Idu can gefen gari take, masu tasi na wurin kuma in suka ga baƙo da jaka sun ga kasuwa.

Na biyu, gane ƙofofin garin

Abuja da kake gani a talabijin, wato Maitama, Asokoro, Wuse, Garki da tsakiyar gari inda sakatariyar tarayya da Babban Masallaci suke, wurin aiki ne a wurin irinmu. Da yamma kowa ficewa yake yi, kuma ta hanyoyi uku ake fita.

Hanyar Kubwa ita ce ta mutanen Gwarinpa, Dawaki, Dutsen Alhaji, Kubwa, Dei-Dei, Zuba, har Madalla da Suleja waɗanda su a jihar Neja suke. Titin faɗi ne da shi, kuma ga ɗan Arewa yana da wani daɗi, kana bakin hanyar gida, ranar da aka kira ka an yi rasuwa ko haihuwa ba sai ka ratsa gari ba. Hanyar Keffi ita ce ta AYA, Kugbo, Karu, Nyanya, sai ka tsallaka jihar Nasarawa ka shiga Mararraba, Ado, Nyanya Gwandara, Masaka. Nan ne haya ta fi sauƙi, nan ne jama'a suka fi yawa, nan ne kuma gosilo ya yi gida. Ta uku hanyar filin jirgi, Lugbe, mashigar Kuje, Giri, har Gwagwalada inda jami'a da asibitin koyarwa suke. Gwagwalada akwai zafi, duk wanda ya yi watan Maris a can zai ba ka labari.

Dokar mai sauƙi ce, ka zauna a ƙofar da ta fi kusa da wurin aikinka. Mai aiki a Asokoro ko Garki zai iya jure Karu ko Nyanya. Mai aiki a Jabi, Utako ko Wuse ya duba Dutse da Kubwa da Karmo. Wanda aka tura hedikwatar shige da fice a Sauka ko filin jirgi ba shi da abin yi a Mararraba, ya nemi Lugbe ko Kuje. Wanda zai yi aiki a Bwari, inda JAMB da makarantar lauyoyi suke, ya zauna a Bwarin ko Ushafa ya huta.

Na uku, gwada hanyar da ƙafarka kafin ka biya ko sisi

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa kuma shi ya fi komai. Ana kai ka ganin gida ranar Asabar da rana, titi fayau, minti ashirin da biyar kun iso daga gari, sai ka ce ai ba nisa. Koma unguwar ka kwana ko ka je da asubar Litinin ka tsaya a bakin titi kamar mai tafiya aiki. Ni na yi wannan gwajin a Mararraba, ƙarfe shida saura na fito, gari bai gama wayewa ba amma bakin titi cike yake da mutane, masu kwat da masu kaki da mata riƙe da kular abinci, kowa ya miƙa hannu, mota na rage gudu sai ka ga mutum goma sun yi kanta, wani ya riƙe ƙofa wani ya cusa jaka ta taga don ya kama wuri. Da na samu shiga mu huɗu a baya biyu a gaba, muka zo gadar Nyanya muka tsaya cak, mai sayar da burodi ya wuce mu ya dawo ya sake wuce mu. Ban isa Area 11 ba sai bayan takwas. Ranar na fasa ɗakin duk da ya yi min kyau.

Rubuta abin da ka kashe zuwa da dawowa, har da na acaɓa ko keke daga bakin titi zuwa cikin unguwa, ninka shi sau kwanakin aikinka na wata, sannan sau goma sha biyu, ka ɗora a kan kuɗin hayar shekara. Wannan jimlar ita ce ainihin kuɗin gidan. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafin nan ya canza gaba ɗaya, sau da yawa za ka ga ɗakin da ya fi tsada amma mota ɗaya za ka hau ya fi maka sauƙi a kan mai arahar da sai ka hau uku.

Na huɗu, neman ɗaki da sha'anin ejan

Toh nan ne ake kuka. Hayar Abuja ta shekara ce, a biya gaba ɗaya, wasu masu gidan ma in sabon gini ne sai su ce shekara biyu. Kuma kuɗin da aka faɗa maka da farko ba shi ne ƙarshe ba, akwai la'adar ejan, wato dillalin gidaje, wadda yawanci kashi goma cikin ɗari ce, akwai kuɗin lauya ko na yarjejeniya, akwai kuɗin ajiya da suke cewa koshan, wai in ka lalata wani abu a cire, in kuma cikin estet ne ga kuɗin maigadi da kwasar shara. Don haka tambayarka ta farko ta zama "duka-duka nawa zan biya a ba ni makulli?" kuma a rubuto maka a WhatsApp, kar ka yarda da ta baki.

Ejan zai ce sai ka ba shi kuɗin zagaye kafin ya nuna maka gida. Wannan ya zama al'ada, amma ka ce ya turo bidiyon ɗakin da sunan unguwa tukuna, don akwai waɗanda sana'arsu kenan, su karɓi kuɗin zagaye su kai ka gidaje uku da sun san ba za ka so ba. Hanya mafi kyau ma ba ta ejan ba ce, je masallacin unguwar bayan Isha'i ka gaisa da liman da ladan ka faɗi buƙatarka, zauna wurin mai shayi, yi hira da masu gadi da 'yan garuwa, su suka san gidan da aka tashi jiya da wanda mai shi ke da fitina. A yawancin unguwannin nan akwai Sarkin Hausawa, zuwa gaishe shi ba ya ɓaci.

In ka shiga duba ɗaki kar ka tsaya kallon fenti da tayil. Ɗaga kai ka duba silin ko akwai tabon yoyo. Duba ƙasan bango daga waje, in ka ga layin laka ya kai gwiwa to ruwa yana shiga gidan da damina, wasu sassan Lugbe da Lokogoma sun sha ambaliya ba sau ɗaya ba, duk gidan da ke gangare kusa da rafi ka bar shi komai kyansa. Buɗe famfo da hannunka. Tambayi maƙwabci, ba ejan ba, ruwan na gwamnati ne ko na burtsatse ko sai an sayi na kura, in burtsatse ne wa ke sayen man janareta in babu wuta. Duba mita, ta kati ce ko bil ake kawowa, kai kaɗai ne a kanta ko ku shida ne har da mai injin markaɗe, kuma a sa lambar a duba maka ko akwai tsohon bashi, don wanda ya tashi zai iya barin bashin kamfanin wuta na AEDC a riƙa cira duk sanda ka sa kati. Tambayi kuma layin wane band ne, wato rukunin da kamfanin wuta ya sa shi, tun Afrilun 2024 'yan Band A suna samun wuta sosai amma kuɗinta ba wasa. Ciro wayarka a cikin ɗakin ka ga ko akwai sabis. Sannan ka zagaya katangar gidan da na maƙwabta, in ka ga an yi jan fenti an rubuta alama, to hukuma ta sa wa wurin ido, rusau a Abuja ba labari ba ne, kuma ranar da katafila ta zo ba wanda zai dawo maka da kuɗin haya.

Maganar biya. Kar ka tura kuɗi asusun ejan. Ka ce sai ka ga mai gida ido da ido ko lauyansa ko wanda ya wakilta a rubuce, sunan da ke kan asusun ya zama shi ne a kan takardar yarjejeniya, a ba ka rasit, a ba ka makulli a ranar. Wani ƙanena a nan an damfare shi, an nuna masa ɗaki mai banɗaki a ciki, mutumin har da makulli a hannunsa ya buɗe ya nuna masa, ya ce akwai wasu mutum biyu na so in bai biya yau ba shikenan, yaro ya yi tiransifa a tsaye a tsakar gidan. Ranar da ya zo da katifa a kan keke ya tarar da wata mata tana shanya a ƙofar ɗakin, ashe makullin na wanda ya tashi ne aka ara. Lambar ejan a kashe har yau. Duk wanda ya ce maka yau-yau ko ka rasa, ƙyale shi ka rasa ɗin.

Kafin ka shigar da kaya ɗauki bidiyon ɗakin gaba ɗaya, fasasshen gilas, ƙofar da ba ta rufuwa, komai, ka tura wa mai gida, ranar tashi shi zai fitar maka da kuɗin ajiyarka. Canza kwaɗo a ranar.

Na biyar, zirga-zirga a cikin gari

Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, keke ma ba ko'ina yake shiga ba, don haka a cikin gari ƙananan motoci ne da ake cewa alon, ka tsaya a bakin titi ka faɗi inda za ka, Berger, Area 1, Wuse, AYA, Banex, waɗannan su ne mahaɗar da za ka fara haddacewa. Akwai Bolt da ire-irensa, motocin da ake kira ta manhajar waya, in kana sauri ko dare ya yi. Ma'aikata masu motar kansu ma suna ɗaukar fasinja safe da yamma don su rage kuɗin mai, kuma a nan ne 'yan wan cans suke fakewa, ka shiga mota ka ɗauka fasinjoji ne ashe duk bakinsu ɗaya, a ƙwace waya a kwashe abin da ke asusu a jefar da mutum a hanya. Shiga mota a inda ake lodi ko da za ka ƙara jira. Kar ka shiga mai baƙin gilas, kar ka yarda a ce ka matsa tsakiya wani ya fita ya ba ka wuri, in ka ji an fara hirar wai an tsinci kuɗi a but ko wani fasinja yana ɗauke da daloli sauka kawai. 'Yan'uwa mata, bayan magariba dan Allah ku daure ku yi odar mota ku tura wa wani lambarta. Ni kuma shawarata kar ka bar duk kuɗinka a asusun da ke cikin wayar da kake yawo da ita.

In da motarka ka zo, takardu su cika kafin ka shigo, lasisi, inshora, komai, kuma kar ka ajiye ta inda ka ga dama a tsakiyar gari.

Na shida, ciki

Cefane a manyan shaguna na masu shi ne. Koyi ranakun kasuwa, Nyanya Laraba, Madalla Alhamis, Karmo Talata da Juma'a, Gosa ta hanyar filin jirgi Juma'a, kayan marmari Zuba, kayan gwari a kasuwar Orange ta Mararraba ko Dei-Dei, inda kuma ake sayar da dabbobi da kayan gini. Hatsi kuwa in da hali a riƙa aiko maka daga gida, buhun masara ko shinkafa da wake da busasshiyar kuɓewa da kuka a ba direban tasha ka je ka karɓa, yawancin magidantan da na sani haka suke rayuwa. Sayi ƙaramin gas tun satin farko, cin abincin waje sau uku a rana a garin nan ya fi haya zafi.

Na bakwai, sai yanzu iyali

Bari ka ga albashi uku sun shigo, ka ga damina ɗaya ko aƙalla ruwan farko a gidan, sannan ka ɗauko su. Daidaita tasowar da hutun ƙarshen zango, ka karɓo wa yara sakamakonsu da takardar canjin makaranta, da katin rigakafi na ƙanana. Nemi makarantar boko da Islamiyya da za su iya zuwa da ƙafa. San asibitin gwamnati mafi kusa tun kafin buƙata ta taso, akwai a Kubwa, Nyanya, Bwari, Kuje, Wuse, Asokoro, ka je ka buɗe kati. Kuma ka yi wa uwargida bayani tsakani da Allah, ta baro gidan yawa inda ake shiga a fita ta zo inda maƙwabciyarta ƙila Ibo ce ko Tibi ko Bayarabiya, kai kuma ka fita da asuba sai dare, kaɗaici yana damun mata da yawa a shekarar farko, haɗa ta da matan abokanka da makarantar matan aure. Kayan ɗaki masu nauyi kar a kwaso duka, kuɗin motar ɗaukar kaya wani lokacin ya kusa na sabo, kuma ɗakunan nan ba su da faɗin na gida.

Wata 'yar magana a gefe, don na san da ka yi shekara za a fara kawo maka tallan fili. A cikin babban birnin tarayya ministan Abuja ne ke da ikon ba da fili, takardar mai unguwa ko ta dagaci ba ta hana rusau, duk filin da za ka saya a je AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, a bincika lambarsa da lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba. Kuma ka riƙa tuna garin yana da 'yan asalinsa, Gbagyi da sauransu, tun kafin a yanke shawarar dawo da babban birni nan a 1976, a ƙauyukansu da yawanmu muke haya, girmama su yana cikin zaman lafiyarka.

Wanda kuma ziyara kawai zai zo, ganawar neman aiki ko fasfo ko biza ko bin fayil a ma'aikata, nasa mai sauƙi ne. Iso kwana ɗaya kafin ranar, kwana kusa da inda za ka ko da masaukin ya ɗan fi tsada, zo da hotunan fasfo da kwafin takardunka tun daga gida, kar ka sa wa kanka Juma'a da rana don ofisoshi sun watse, kuma ka ƙara kuɗin kwana biyu a aljihu saboda "oga ba ya nan, dawo gobe". In ka samu sarari yi Juma'a a Babban Masallaci, ka je Millennium Park ko bakin tafkin Jabi da yamma, canjin kuɗi Wuse Zone 4, kilishin tsaraba Area 1, dutsen Zuma kuma kyauta za ka gan shi ta tagar mota wajen Madalla.

Saura maganar Sallah. Kwana biyu kafin ta garin nan kwashewa yake yi, kuɗin mota ya tashi, tikitin jirgin ƙasa ya ƙare, a Zuba da Jabi har rige-rigen kujera ake. Nemi izini a wurin aiki da wuri ka tafi da kwana uku ko huɗu, in za ka rufe ɗaki ka kashe gas, ka zare komai daga soket, ka bar wa maƙwabcin da ba ya tafiya lambarka, dawowa kuma kar ka bari sai Lahadin ƙarshe da kowa zai taso.